Daga Kaduna zuwa Niyok: kilomita nawa ne, kuma ta wace hanya za a bi da mai goyo?

Baban Walida, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu sani. 'Yata Walida za ta tare a gidan mijinta a Niyok ta Amurka, takardu sun fito alhamdu lillahi bayan jiran shekara biyu. Da goyo za ta tafi, yaron watansa takwas, ita kuwa ko ƙofar jirgin sama ba ta taɓa takawa ba. Jiya na je wurin mai sayar da tikiti, ya shimfiɗa min hanya uku: Abuja zuwa Doha sannan Niyok, Abuja zuwa Landan sannan Niyok, ko kuma Legas zuwa Kasabalanka sannan Niyok. Na Doha ya fi sauƙin kuɗi. To amma da na dawo gida na buɗe taswirar da ke bayan littafin ƙaninta, sai na ga Doha gabas take, Amurka kuma yamma. Yaya za a ce mai zuwa Birnin Gwari ya fara biyawa ta Saminaka? Don Allah nisan nan kilomita nawa ne tsakani da Allah, kuma awa nawa za ta yi a kan teku? Mahaifiyarta tun da ta ji maganar teku barci ya ƙaurace mata.

Malam Tanko mai Jogirafi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya kai ta ɗakinta lafiya. Idan aka auna miƙe daga Kaduna zuwa Niyok, kimanin kilomita 8,500 ne. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 900 a awa, ka ga da akwai mai tashi daga filin jirginmu na nan ya wuce kai tsaye, awa goma zuwa sha ɗaya ce.

Ga lissafin hanyoyin da aka ba ka. Abuja zuwa Doha wajen 5,000, Doha zuwa Niyok wajen 10,800, jimla 15,800, kusan ninki biyu ke nan. Abuja zuwa Landan wajen 4,800, Landan zuwa Niyok wajen 5,500, jimla 10,300. Legas zuwa Kasabalanka wajen 3,200, daga can zuwa Niyok wajen 5,800, ka ɗora 630 na Kaduna zuwa Legas, ya kama 9,600 da ɗoriya. Idonka bai yaudare ka ba Alhaji, ta Doha baya za ta fara yi.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: Legas zuwa Niyok kilomita 8,450 ne. Wato duk gangarawar da muke yi zuwa Legas ba ta kusantar da mu Amurka da komai sai ɗan abin da bai kai tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba.

Abba na Kawo:
Malam, a gafarce ni, nan kam ban gamsu ba. Legas a bakin teku take, mu kuma muna can ciki. Ta yaya za a ce nisanmu ɗaya?

Malam Tanko mai Jogirafi:
Abba ɗana, samo lemu ɗaya da zare. Shekara talatin da shi nake koyar da wannan darasi. Ɗiga alama da biro ɗan sama da cikin lemun, ka ce Kaduna ce. Daga nan matsa kusan rubu'in zagaye zuwa hagu, ka haura sama sosai ka ɗiga wata, ka ce Niyok ce. Danne zaren da babban yatsa a kan ta farko, ka ja shi ya ɗame har ta biyu. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa, kuma za ka ga tun daga farko arewa maso yamma ya nufa, bai nufi Legas ba ko kaɗan.

A kan ƙasa, zaren nan zai bi ta saman Zamfara da Sakkwato, ya shiga Nijar, ya gifta kusa da Gao a Mali, ya ratsa arewacin Muritaniya, sai ya faɗa teku a wajejen tsibiran Kanari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a kan hamada ne. A faɗa wa Hajiya wannan, ko hankalinta zai ɗan kwanta.

Taswirar bango ce ke rikita mu. Irin wadda ke makarantunmu wani mai suna Mercator ne ya tsara ta a 1569 domin matuƙa jirgin ruwa. Ba a shimfiɗe ɓawon lemu a kan tebur sai an yage shi ko an ja shi, shi kuwa ja ya yi, shi ya sa duk abin da ke can arewa ya kumbura. Duba tsibirin Girinlan a kanta, kamar ya yi girman Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14.

Abba na Kawo:
Na ji na lemu, zan gwada. Amma ni abin da na daɗe ina ji shi ne, jiragen suna lanƙwasawa ne don tsoron teku, suna raɓe-raɓe a gefen ƙasa saboda ko da wani abu zai faru. Yayana da ya je Kanada ya ce a allon da ke gaban kujerarsa layin kamar baka yake.

Injiniya Bala, Mando:
Abba, maganarka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba ita ce dalilin bakan ba. Bakan shi ne zaren Malam idan aka kwantar da shi a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira. Ni a kwalejin jiragen sama ta Zariya na yi karatu, kuma gyaran jirgi na ci abinci da shi har na yi ritaya, don haka bari in faɗi inda gaskiyarka take.

Yawancin jiragen da ke ƙetare teku yanzu inji biyu gare su. A da, doka ba ta yarda mai inji biyu ya yi nisan da ya wuce minti 60 daga filin da zai iya sauka ba. A 1985 aka fara ba da izinin minti 120, daga baya 180, yanzu wasu sababbin jirage sun wuce haka. Ma'ana, kafin jirgi ya tashi an riga an zana masa hanya yadda ko inji ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa, ɗayan zai kai shi wani fili cikin lokacin da aka yarje masa. Kuma tekun ba wayam take ba. Akwai Sal a Kef Bade, akwai tsibiran Kanari, akwai Lajes a tsibiran Azores, akwai Bamuda, can arewa kuma akwai Gander a Kanada. A watan Agusta na 2001 wani jirgin Kanada mai zuwa Lisbon mai ya tsiyaye masa a tsakiyar Atlantika, injunan biyu suka mutu, matuƙan suka lallaɓa shi a kan iska har Lajes. Mutum 306 ne a ciki, ba wanda ya rasa ransa.

Baban Walida:
Injiniya, wannan labarin na ƙarshe ba zan karanta wa uwar gida ba. Amma ni ya ƙara min natsuwa, na gode.

Hajiya Maman Sadiƙ, Malali:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da malamai suka rubuta, Allah ya ƙara ilimi. Amma Alhaji, ka saurare ni da kyau, don ni na yi tafiyar nan da goyo a bayana. Mai jego ba kilomita take ƙirgawa ba, sau nawa za ta sauka, awa nawa za ta zauna, wa zai kama mata jaka, shi ne lissafinta.

Shekarun baya da zan je wurin ƙanwata, na zaɓi hanyar da aka ce ta fi kusa. Jirginmu na farko ya makara da awa uku, muna sauka aka ce na biyun ya tashi. Awa goma sha tara na yi a filin jirgin da ba na jin yarensu. Ruwan zafin da ke filas ɗina an sa na zubar tun wurin bincike, madarar gwangwani ga ta a hannu ba abin damawa. Sadiƙ ya yi kuka har muryarsa ta dushe. A ƙarshe zanena na shimfiɗa a bayan wasu kujeru kusa da banɗaki, na kwantar da shi, na sa jakar fasfo a ƙarƙashin kaina. Wata mai shara ce ta ga halin da nake ciki, ta karɓi filas ɗin ta je ta ciko min. Har yau ina sa matar nan a addu'a.

Don haka ni ban ga laifin Doha ba in dai jiran da ke tsakani awa uku ne ko huɗu, kuma tikitin ɗaya ne tun daga Abuja har can, kaya su wuce da kansu. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Injiniya Bala:
Hajiya, Allah ya saka wa matar nan da alheri. Batun tikiti ɗaya kam na bi ki ɗari bisa ɗari. Amma a duba ɗaya gefen. Doha zuwa Niyok awa goma sha huɗu ce a zaune wuri ɗaya, bayan ta riga ta yi wajen bakwai daga Abuja. Sama da awa ashirin a sama da yaro a cinya. Ta Landan shida da rabi ce sannan takwas. Bambancin awa shida zuwa bakwai ba ƙaramin abu ba ne ga jariri, ga iskar cikin jirgi busasshiya kamar ta hunturu.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Injiniya, a cikin jirgi akwai masu kawo ruwan zafi, akwai ɗan gadon jarirai da suke maƙalawa a bango in an nema tun wurin sayen tikiti. A ƙasa wa ta sani? Ni dai na fi tsoron awa biyar a filin jirgi da awa goma a sama.

Sani Bronx:
Ina gaida iyaye da yayye. Ni nan Niyok nake zaune shekara tara, kuma duk hanyoyin nan uku na bi su. Gaskiya ku biyun kowa da gaskiyarsa. Abin da zan ƙara, akwai jiragen da ke tashi daga Legas kai tsaye su ƙetare: Delta na zuwa Atlanta tun 2007, kilomita wajen 9,400, United kuma na zuwa Washinton. Sai dai Baba ku sani, duk garin da ta fara sauka a Amurka, a nan za ta bi layin shige da fice, ta ɗauki akwatunanta ta kai su kwastan, sannan ta sake miƙa su ga jirgi na gaba. Ga mace ita kaɗai da goyo da akwati huɗu, wannan aiki ne. Gara jirgin da zai sauke ta a Niyok ɗin kai tsaye, tana fitowa mijinta na tsaye a ƙofa. Sannan in ta Landan ce, a tambayi batun bizar wucewa a tabbatar tun kafin a biya kuɗi.

A lura da agogo kuma. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba kuna gabanmu da awa biyar, sauran watannin da awa shida. Lokutan da ke kan tikiti kowanne na garinsa ne. Kada Mama ta ga an rubuta sauka ƙarfe uku ta zauna jiran waya ƙarfe uku na Kaduna, a lokacin ƙarfe takwas ko tara na dare ne a wurinku.

Abba na Kawo:
Na gwada lemun, kuma wallahi zaren sama ya yi. Na sallama wannan. Saura tambaya ɗaya. Yayana ya ce dawowa ta fi zuwa sauri. Ba juyawar duniya ce ke jawo haka ba?

Injiniya Bala:
Yi tunani Abba. Duniya gabas take juyawa. Da juyawarta ce ke aiki yadda kake nufi, da mai zuwa Amurka shi zai fi sauri, tunda Amurkar ce ke tahowa ta tarye shi. Amma akasin haka ake gani. Iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da ƙasa, kamar ƙudan da ke tashi a cikin motar Kawo zuwa Kasuwa, ba ya buguwa da gilashin baya don mota na gudu.

Abin da ke kawo bambancin wata iska ce mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, can sama wajen kilomita 10, daidai inda jirage ke bi. Da sanyi takan wuce kilomita 300 a awa. Mai dawowa daga Amurka sai ya shiga cikinta ta tura shi, mai zuwa kuma ya kauce mata ko da hanyar za ta ƙara tsawo. A Fabrairun 2020 wani jirgin British Airways ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi cikin awa shida da wani abu zuwa bakwai. Shi ya sa hanyar jiya ba ita ce ta yau ba, kullum sai an sake zana ta bisa iskar ranar.

Ban da iska akwai siyasa. Kun tuna bayan juyin mulkin Nijar a 2023, da suka rufe samaniyarsu a watan Agusta? Jiragen da ke zuwa mana daga Turai sai da suka riƙa zagaye. Zaren Malam ba ya neman izinin kowa, jirgi kuwa sai an ba shi.

Ustaz Nura, Rigasa:
Masha Allah, zaure ya yi albarka yau. Malam Tanko, zarenka ya tuna min da alƙibla. Mu nan Kaduna gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa. To mutanen Niyok fa? Wanda ya dubi taswirar bango zai rantse kudu maso gabas za su kalla, tunda Makka na ƙasa da su. Amma arewa maso gabas ce alƙiblarsu, saboda wannan zaren dai. Babban masallacin Washinton da aka buɗe a 1957 haka aka gina shi. A gaya wa Walida, kada ta isa ta ga mijinta ya shimfiɗa darduma wani gefe ta ɗauka kuskure ne. Kuma wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu, malamai irin su Albiruni sun yi rubutu a kansa kusan shekara dubu da ta wuce, don fitar da alƙiblar garuruwa.

Game da salla, matafiyiya ce, za ta yi ƙasaru. Lokaci kuma ranar inda take za ta duba, ba agogon Kaduna ba. Mai tafiya yamma rana yake bi, sai yini ya yi masa tsawo. Misali in ta tashi Doha ƙarfe takwas na safe, bayan awa goma sha huɗu za ta sauka wajen ƙarfe uku na rana, rana ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Ta yi alwala kafin shiga, ta kuma saka ɗan dutsen taimama a jakar hannu.

Sani Bronx:
Gaskiya ne Ustaz. Ni ma satina na farko sai da na yi gardama da mai masaukina a kan alƙiblar nan, har liman ya zaunar da ni ya yi min bayani.

Baba Ɗanjuma, Kabala:
Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Ina jin kuna cewa sai mun je Legas ko Landan kafin mu ƙetare, raina yana sosuwa, don a da arewar nan ce mararraba. Tun a 1925 jirgin sama ya sauka a Kano. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma jiragen Amurka ta kanmu suke bi. Sukan gangara Natal a Birazil, inda tekun ta fi tsukewa, wajen kilomita 3,000 tsakaninta da Dakar. Masu gajeren zango su sha mai a tsibirin Ascension, su sauka Akara, daga nan Kano, Maiduguri, Hartum, har Alƙahira. Mahaifina ya yi lebura a filin Kano a lokacin, ya ce da hannu suke mirgina gangunan mai zuwa gindin jirgi.

Mun kuma ga zamanin da Nigeria Airways ke zuwa Niyok daga Legas da tutarmu a jela. A 2017 ma, da aka rufe filin Abuja mako shida don gyaran titin jirgi, nan Kaduna jirgin Habasha ya riƙa sauka. Na sa jikana ya kai ni hanyar filin don kawai in gani da idona. Tun da Malam ya ce nisanmu da Niyok ɗaya ne da na Legas, me ya hana mu?

Malam Tanko mai Jogirafi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Fasinja ne ya hana. Jirgi mai kujera 250 ba zai tashi kullum da mutum arba'in ba. Shi ya sa kamfanoni ke tara mutanen Kano da Abuja da Akara da Nairobi a gari guda kamar Doha, su cika babban jirgi da su. Da haka ne tikitin hanya mai nisa yake fin na kusa araha, abin da ya ɗaure wa Alhaji kai tun farko.

Hajiya Maman Sadiƙ:
Alhaji, duk wadda aka zaɓa, ta shayar da yaron lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar na buɗe masa kunne. Kayan canji kala uku a jakar hannu, nata ɗaya. Lambar mijin a rubuce a takarda, kada a dogara da waya kaɗai.

Baban Walida:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Daren jiya bayan isha'i na sayo lemu a bakin titi, na zauna da Walida da mahaifiyarta, muka ja zaren a gabansu. Uwar ta riƙe lemun ta daɗe tana juya shi, sannan ta tambaye ni ina ne Azores ɗin da Injiniya ya faɗa, na ɗiga mata da biro a tsakiyar ruwan.

Yau da safe na koma wurin mai tikiti da tambayoyinku a rubuce. Na Kasabalanka mun ajiye shi, saboda sai ta kwana a Legas kuma ba mu da kowa a can. Na Landan jiran awa huɗu ne, tikiti ɗaya, kuma ya fi na Doha tsada. Na kira surukina, ya ce zai cika bambancin, shi zai kuma bincika maganar bizar wucewa kafin jibi. In ta yi kyau, shi za mu saya. In ba ta yi ba, Hajiya, sai mu bi taki. Gadon jariri ma na sa an rubuta.

Saura zuwa Abuja. Jirgin nata da safe yake tashi, don haka kwana za mu yi a can. Ustaz, kai da ke kusa da tasha, jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu suna karɓar manyan akwatuna huɗu, ko in nemi mota tun yanzu?